Takardar Mma Fati

A Salaga aka haife ni, a wani tsohon gida na jikokin fataken goro, kuma a tsakar gidan nan na fara ɗanɗana daɗin mutane su yi shiru su saurare ni. Wannan daɗin ne ya mai da ni mai wa'azi. Shi ne kuma ya ja mini abin kunyar da zan ba da labarinsa, wanda na daɗe ina ɓoye wa har kaina.

Kakata ta wajen uba, Kaka Adisa, shinkafa da wake take sayarwa da safe a bakin tashar lori. Wake ba ya nuna da wuri, saboda haka tun an idar da sallar magariba take ɗora babbar tukunya a murhu, ta jefa karan dafi don abincin ya yi ja, ta jawo 'yar kujerarta ta zauna tana iza wuta. Mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta sai mu kewaye ta. Kada in yi ƙarya in ce son tatsuniya kaɗai ke tara mu. Takan tura ƙananan doya cikin toka, kuma dokarta ita ce duk wanda ya tashi kafin labari ya ƙare ba shi da rabo.

Hausarta irin ta mutanen dā ce, cikakkiya, ba irin tamu ta 'yan zango ba. In ɗayanmu ya ce, "Kaka ya dawo," sai ta harare shi ta ce, "Wane ne ya dawo? Gemu ka gani a haɓata?" Ni kuwa maigidanta take kira na, kamar yadda kaka ke tsokanar jikanta namiji, amma ba ta taɓa faɗin sa haka kawai ba, sai ta ƙara masa jela: maigida mai baki. Ta kuwa yi gaskiya. Ina ɗan shekara takwas na iya kwaikwayon ladanin unguwa, da tafiyar mahaucin da ke ɗingishi, da yadda Gwanjawa ke ciniki. In na fara, har manyan mata sai sun riƙe ciki. Ita ma takan yi dariya, sai dai wani lokaci tana gamawa ta tsura mini ido, ban san dalili ba.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke buɗewa. Cewa take, "Ga wata baƙuwa ta taso daga hanyar fatake." Mu kuma mu amsa, "Ta sauka mu ba ta ruwa." Cikin duk baƙin da ta saukar mana, akwai wadda ta maimaita fiye da sauran, kuma kusan duk ranar da na cika gidan da surutu take zaɓo ta.

Wai a wani gari mai rijiyoyi da yawa kamar namu, sarki yana da mai shela, sunansa Ɗan Baiwa. In ya buga kugensa ya buɗe baki, mata kan bar daka su fito, don Allah ya yi masa murya. Wata ranar kasuwa aka tarar kare ya faɗa rijiyar bakin kasuwa ya ruɓe a ciki. Sarki ya kira Ɗan Baiwa ya ce ya je ya faɗa wa mutanen gari kada kowa ya ɗebi ruwan rijiyar nan sai an yashe ta.

A nan na taɓa katse ta na ce, "Kaka, me ya sa ba a rufe rijiyar ba kawai?"

Ta ce, "Maigida, tatsuniyar taka ce ko tawa?"

Ɗan Baiwa ya buga kuge, jama'a ta taru irin wadda bai taɓa gani ba. Ya dube su, ya ce a ransa in ya faɗi saƙon yanzu, kafin ya haɗiye yawu kowa ya watse. Sai ya fara da gaisuwa, ya yi kirari, ya shiga barkwanci. Can ya hango wata mata daga ƙauye, mijinta ya rasu, tana goye da yaro, tana ɗauke da tulu duk an liƙe shi da danƙo. Ya nuna ta da sandar kugen ya ce, "Jama'a, ku gaya mini, wannan tulu ne aka yi wa faci, ko faci ne aka yi wa tulu?" Kasuwa ta ɗauki dariya. Matar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta sulale ta bayan rumfuna. Hanyarta da nisa, rana kuma ta take, sai ta biya ta rijiyar bakin kasuwa ta cika tulunta ta wuce gida. Lokacin da Ɗan Baiwa ya gaji da wasa ya faɗi saƙon sarki, ita ta riga ta ƙetare gonaki. Yaron ya sha ruwan. Bai kwana uku ba ya rasu.

Sarki ya sa aka zo da mai shela. Ɗan Baiwa ya ce, "Ranka ya daɗe, na faɗa, kowa shaida ne." Jama'a suka ce lallai ya faɗa. Sarki ya ce, "Wajen wa na aike ka?" Ya ce, "Wajen mutanen gari." Sarki ya ce, "Ita ba mutum ba ce?" Ya miƙa hannu ya karɓe kugensa.

Nan Kaka take tsayawa ta ce, "Baƙuwarmu ta ɗaure kayanta ta wuce." Sauran yara kan yi ta gunaguni cewa ai ya kamata a yi masa bulala. Ni kuwa wani dare tashi na yi na ɗora ƙwarya a ka ina kwaikwayon matar tana sulalewa, yara suna ta ƙyaƙyatawa. Kaka ba ta yi dariya ba. Ta tono doya daga toka ta raba wa kowa, ni ta bar ni a ƙarshe, sannan ta ce, "Sumaila, kai wa ka ji wa tausayi a labarin nan?"

Na ce, "Mai shela mana. Ai ya faɗa."

Ta daɗe tana kakkaɓe tokar doyata kafin ta miƙo mini. Ta ce, "Allah ya ba ka baki, maigida. Ina roƙonsa ya ƙara maka da idon ganin wanda ya tashi." Na karɓi doyata na ci, ban fahimci komai ba.

Da na tasa aka kai ni Yendi karatu wajen wani malami, Afa Mahama, Dagomba ne, mutum mai sanyin magana. A wajensa na ga yadda ake yi da takardun tambaya. A wuraren wa'azinmu, wanda ke da tambayar da yake jin nauyin yi a fili yakan rubuta a 'yar takarda ba suna, ya miƙa, a yi ta miƙawa hannu zuwa hannu har ta isa gaban malam. Afa Mahama ba ya taɓa karanta takarda da ƙarfi. Yakan duba ta da ido, ya ninke, ya sa a aljihu, ya ci gaba da abin da yake faɗa. Sai can bayan wata tambaya ko biyu ya amsa ta, ya sauya mata kama, in mace ce ya ce wani mutum, in a gari ne ya ce a wani ƙauye, yadda mai tambaya zai gane amsarsa amma na kusa da shi ba zai gane shi ba. Ya taɓa ce mini, "Sumaila, wanda ya rubuto takarda asirinsa ya damƙa maka. Ka rufe shi tukuna, sannan ka amsa." Na ce na ji, kuma a lokacin da gaske nake.

Bayan karatu na yi aure na zauna a Bawku. Aka ba ni wa'azin azumi bayan la'asar a ƙofar wani masallacin zango, maza a gaba kan tabarmi, mata a baya ƙarƙashin darbejiya. Nan bakin nan nawa ya sami filin da yake nema. Mutane suna da yunwa da ƙishirwa, ni kuwa na iya sa su manta. Aka fara zuwa daga wasu unguwanni, aka ƙara lasifika, matasa suna ɗaukar muryata a waya suna tura wa juna. Kaina ya kumbura, babu wata kalma da ta fi wannan dacewa. Na lura babu abin da ke tayar da dariya kamar in buɗe takarda in karanta ta yadda aka rubuta, da kurakuranta da komai. Na fara da tambayoyin da ba su da nauyi, ina ce wa kaina ai ba wanda ya cutu. Daga nan hannuna ya saba.

Wata rana cikin goman tsakiya aka miƙo mini takarda da aka yago daga littafin makaranta, an rubuta da fensir, haruffa manya-manya a karkace. Ban duba ta da ido ba. Na ɗaga ta sama na ce, "Wannan rubutu ne, ko kaza ce ta bi ta kan takarda?" Aka yi dariya. Sai na karanta da ƙarfi, kalma bayan kalma. Mai tambaya ta ce mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ba ta sami aiki ba sai wanke ƙoƙuna a gidan da ake dafa giyar fito a hanyar Binduri, ba ta sha, ba ta sayarwa, wanki kawai take yi. Tana tambaya ko Allah yana karɓar sallarta, ko ta bari sai ta sami wani aikin.

Tun kafin in kai ƙarshe na san na yi ɓarna, domin a duk zangon nan mace ɗaya ce ke bin hanyar Binduri kowace safiya, Mma Fati, wadda mijinta direban lorin albasa ne kafin ya rasu. Na ga kawunan mata suna juyawa wuri ɗaya. Da na tsaya a nan na ba da amsa nan take, da abin ya zo da sauƙi. Amma dariyar farko ba ta gama lafawa ba, kuma ina son ta biyu. Na ce, "To fa! Da safe ƙoƙon fito, da yamma butar alwala. Jama'a, hannun nan bai rikice ba kuwa?" Wurin ya ɓarke. Na ƙara wata, na ƙara wata.

Na ga lokacin da ta tashi. Ba zan ce ban gani ba. Ta naɗe tabarmarta, ta ja mayafi, ta bi ta bayan masallaci. Ni kuwa na ci gaba da wasana har na ƙoshi, sannan na gyara murya na faɗi abin da na sani tun farko, cewa aikin ba wanda za a so wa Musulma ba ne, ta nemi wani in Allah ya hore, amma salla ba a barin ta ko da rana ɗaya, kuma babu mahaluƙin da ya isa ya ce ba a karɓi tata ba. Mutane suka yi kabbara. Wadda ta yi tambayar ba ta wurin.

Ba ta sake zuwa ba. Yaran unguwa suka laƙaba mata suna, ba zan rubuta shi nan ba. Bayan ƙaramar salla ta kwashe 'ya'yanta ta bar Bawku. Duk sanda abin ya taso mini sai in danne shi da cewa ai na faɗi hukuncin daidai, kowa shaida ne. Shekara da shekaru ina faɗa wa kaina haka, ban taɓa jin cewa maganar wani nake maimaitawa ba. Kaka Adisa ta riga ta rasu, babu mai tuna mini.

Abin da ya tono shi ba wani babban abu ba ne. Wani gidan rediyo a garin ya ba ni rabin awa ranar Juma'a, kuma wanda ke gabana a jerin shirye-shirye wani dattijo ne Bakusase, Ticha Ayamba, tsohon malamin makaranta kuma katakis, wato mai wa'azi a cocinsu. Mukan zauna benci ɗaya muna jira, muna tsokanar juna. Wata rana ya nuna mini takardar da aka manna a bango, inda aka rubuta kalma ɗaya ta Turanci gaban sunana da nasa, preacher. Ya ce, "Malam, ka san inda kalma nan ya fito?" Na ce ni da Larabci aka horar da ni, ya bar ni da Turancinsu. Ya ce ai ba ta Turawan Ingila ba ce tun asali, wajen Faransawa suka aro ta, su kuma suka gado ta daga Latin, harshen da ya ɗan koya wajen fada-fadan coci yana saurayi. Can tushenta praedicare, guntu biyu ne, ɗaya yana nufin a gaba, ɗayan yana nufin sanarwa. Wato mutumin da ke tsayawa gaban jama'a ya sanar da su abu da ƙarfi.

Ya dafa gwiwata yana dariya. "Ka gani? Ni da kai duk masu buga gongon ne, kugen shela. Sarki ya aiko, mu faɗa, shi ke nan. Magana ba namu ba ne."

Na ji haushi, wallahi. Ni da na ci littattafai a Yendi, da rawanina, a haɗa ni da mai yawo da kuge a kasuwa? Na shiga na yi shirina, na fito na hau babur. Ban kai gida ba na tsaya a gefen titi na kashe injin, domin kamar an kunna mini muryar Kaka a kunne: ita ba mutum ba ce? Tun ina yaro ake ba ni labarin mutumin nan, na girma na zama shi, har amsar da ya ba sarki na ara, ban gane ba.

Na tambayi matata, Ayisha, ko ta san inda Mma Fati take. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Tana Makango wajen 'yar'uwarta, tana banda kifi. Duk matan zango sun sani." Sannan ta ce, "Sai yau, Malam?"

Na bi ta Gushegu da Yendi na sauka Salaga, washegari na kama hanyar Makango. Na same ta a bakin ruwa, nesa kaɗan da inda jirgin Yeji ke tsayawa, tana juya kifi a kan tanda, hayaƙi ya rina mata idanu. Ta tsufa. Ta gane ni tun daga nesa, ta goge hannu, ta jawo mini benci, ta gaishe ni da ladabin da ban cancanta ba. Bakina, wanda bai taɓa rasa magana ba, ya yi nauyi. Da ƙyar na ce na zo neman gafara, na kuma kawo mata amsar tambayarta. Na sunkuyar da kai na faɗa mata a hankali.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Malam, ka sha hanya. Amma amsa nan na samu tun tuni. Shekara biyu ban yi salla ba. Na ce in Malam ya yi mini dariya, to Allah ma dariya yake mini. Wani tsohuwa nan mai sai da gawayi, ko alif bai sani ba, shi ya ce mini, Fati, tashi ka yi alwala, Allah ba Malam ba ne."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara biyu na sallar baiwar Allah, a wuyana.

Ta juya kifi ɗaya, ta juya na biyu. Ta ce, "Ni na yafe. Amma na farko da lasifika ka faɗi, gaban kowa. Wannan kuma ka zo kana faɗi mini a kunne."

Na ce zan koma in faɗa inda na faɗi ta farko. Muna cikin haka wata budurwa ta fito da kofin ruwa, ta ajiye a ƙarshen benci, ta juya ta koma. Mma Fati ta bi ta da ido ta ce, "Rukaya ke nan. Ka tuna yarinya da na ja hannunshi rana nan?" Ban tuna ba. Ban ma san akwai yarinya ba. Ta ce, "Ni ban iya rubutu ba, Malam. Rukaya, shi ya rubuta mini takarda nan, yana aji uku. Sau uku ya sake don ya yi kyau, don Malam zai karanta."

Ban iya shan ruwan ba.

Na cika alkawari. Azumin da ya biyo baya, ranar farko, na tsaya a ƙofar masallacin nan na faɗi abin da na yi, ban ambaci suna ba, na faɗi amsar da ƙarfi, na ce laifin nawa ne ni kaɗai. Babu wanda ya yi dariya. Wasu ma ba su tuna da ranar ba, abin da ya kori mace da 'ya'yanta huɗu daga gari su a wajensu wasan yamma ɗaya ne. Tun daga nan takarda in ta zo, aljihu take shiga. Jama'ata ta ragu, matasa sun ce Malam ya daina daɗi, kuma gaskiyarsu.

Ina yaro na ɗauka laifin mai shela jinkiri ne, da ya faɗi saƙo da wuri da shi ke nan. Yanzu na san ba lokaci ne ya kuskure masa ba. Taro ya gani, ya so taron, ya manta cewa a cikinsa akwai mutum ɗaya da ta fi kowa bukatar abin da aka ba shi ya kai, kuma ita ya zaɓa ya sayar don a yi masa dariya. Kaka ta ga haka a jikina tun ina ɗan shekara takwas, ta yi iyakar ƙoƙarinta da tatsuniya da gasasshiyar doya.

Mma Fati takan aiko mini da bandar kifi in ta sami mai zuwa Bawku, kuma duk lomar da na kai baki da kunya nake haɗiye ta. Rukaya ta yi aure a Yeji, tana da 'ya'ya biyu. Uwarta ta ce tana sallarta a ɗaki, ba ta fashi. Amma ko 'ya'yanta ba ta bari su zauna inda malami ke riƙe da makirufo, kuma in aka kunna lasifikar wa'azi a unguwarsu, tashi take ta rufe taga. Ni na koya mata haka.